Jarrabawar Shugaban Yaƙi Bayan Nasara: Nasihar Muhammadu Bello ga Ummarun Dallaje da Makomar Sarki Siddiƙu a Ƙasar Katsina (1805–1853)

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi halayen shugabannin yaƙi a ƙasar Katsina daga farkon jihadi zuwa tsakiyar ƙarni na 19, tare da mayar da hankali ga yankin da ke tsakanin Matazu da Ruma, inda Dutsin-Ma da Kurfi da madatsar ruwa ta Zobe suke a yau. An auna ƙa'idojin da Muhammadu Bello ɗan Shehu ya rubuta wa Malam Ummarun Dallaje a littafin Usulus Siyasa da yadda Sarki Siddiƙu ɗan Ummarun ya murƙushe tawayen Ruma, har Sakkwato ta tuɓe shi a 1844. Maƙalar ta nuna cewa malaman jihadi sun fi auna shugaban runduna da abin da ya aikata bayan ya yi rinjaye, kuma nasarar da ba ta tsaya a iyakar shari'a ba takan haifar da ɓarnar da ta fi wadda aka fita kawarwa daɗewa.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, duk wanda ya tsaya a bakin madatsar Zobe, wadda aka tare kogin Karaɗuwa da ita, yana tsaye ne a tsakiyar wani tsohon fagen fama. Ta gabas akwai Matazu, ta arewa akwai Kurfi, ta yamma kuwa ƙasar Safana da Batsari ce, inda Dajin Rugu ya shimfiɗu har cikin Zamfara. Mutane da yawa sun ɗauka wannan daji haka Allah Ya halicce shi ba kowa. Tarihi kuwa ya nuna cewa akwai lokacin da ƙasar Ruma take cike da garuruwa da gonaki, kuma hukuncin wani shugaban yaƙi, wanda ya yanke shi a lokacin da yake da rinjaye, yana cikin abubuwan da suka mayar da ita kufai.

Tambayar da maƙalar ta ɗauko ita ce: da wane ma'auni ake auna shugaban runduna? Mawaƙan fada suna auna shi da yawan garuruwan da ya ci da mazajen da ya kayar. Malaman da suka jagoranci jihadin Sakkwato suna da wani ma'aunin daban, kuma sun yi aiki da shi a kan ɗaya daga cikin manyan sarakunansu.

2.0 Ma'aunin Shari'a ga Shugaban Runduna

Musulunci bai bar wa amirin yaƙi filin yin abin da ya ga dama ba. A hadisin Buraida da Imam Muslim ya ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan ya naɗa amiri a kan runduna yakan fara yi masa wasiyya da tsoron Allah a kan kansa da kyautata wa Musulmin da ke tare da shi, sannan ya hana ha'incin ganima da yaudara da wulaƙanta gawa da kashe yara. Abin lura a nan shi ne jerin: kan amirin aka fara ambata, sai mutanensa, sai abokan gaba. Imam Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da ya tura shi Sham, inda ya hana shi kashe mace da yaro da tsoho, da sare itace mai 'ya'ya, da rushe wurin da ake zaune a cikinsa, da kashe dabba ba don ci ba. Hanin rushe mazauni yana da muhimmanci ga abin da zai zo a gaba.

Alƙur'ani ya kafa tushe biyu da suka shafi lokacin rinjaye. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙin wasu mutane ya ja mumini ga barin adalci, aya ta 164 a Suratul An'am kuma ta tabbatar da cewa ba a ɗora wa rai laifin wani rai. Game da 'yan tawaye, aya ta 9 a Suratul Hujurat ta yanke wa yaƙarsu iyaka: da zarar sun dawo ga umarnin Allah, abin da ya rage shi ne sulhu bisa adalci. Sayyidina Ali ya fassara wannan a aikace ranar yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan Hijira, da ya hana bin wanda ya juya baya da ƙarasa wanda ya ji rauni. A kan wannan ne Al-Mawardi (ya rasu 450H/1058M) ya gina bambance-bambancen da ya lissafa a Al-Ahkamus Sulɗaniyya tsakanin yaƙar 'yan tawaye da yaƙar kafiran da ake gaba da su.

Daɗin daɗawa, gwaninta ba ta kare amiri daga tuhuma. Lokacin da Khalid ɗan Walid ya kashe mutanen Banu Jazima bisa kuskuren fahimta a shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya barranta daga aikin a bainar jama'a, ya kuma aika Sayyidina Ali ya biya diyya. Khalid shi ne wanda aka yi wa laƙabi da Takobin Allah, amma laƙabin bai rufe bakin shari'a ba.

3.0 Jihadin Sakkwato da Matsalar Tarbiyyar Mayaƙa

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da almajiransa sun san wannan ma'auni tun kafin su ɗauki makami. A Kitabul Farƙ an lissafa al'adun sarakunan Haɓe da suka saɓa wa shari'a, kuma wasu daga cikinsu sun shafi aikin soja kai tsaye: gargaɗi, wato tilasta wa mutane fita yaƙi da cin tarar wanda bai fita ba, da kamuwa, wato ƙwace dabbobin talakawa don ɗaukar kayan sarki ba da izininsu ba. A Bayanu Wujubil Hijra, wanda Shehu ya kammala a 1806 ana tsakiyar yaƙi, ya haɗa hukunce-hukuncen ganima da humusi da aminci tare da babobi a kan adalci da afuwa da haƙuri. Ke nan a wurinsa halin shugaba reshe ne na fiƙihun jihadi.

Sai dai rubuta ƙa'ida daban, riƙe dubban mayaƙa masu yunwa a kanta daban. Bayan hijira zuwa Gudu da nasarar Tafkin Kwatto a 1804, Jama'a ta yi babbar asara a Tsuntsuwa, inda malamai da mahaddata masu yawa suka yi shahada. Gurbin da suka bari sai ya cika da waɗanda ganima ta fi jan hankalinsu. A 1805, rundunar da ta fita daga Gwandu don tarar abokan gaba ta faɗa wa garin Kwalde, wanda mutanensa suke cikin aminci da Jama'a, ta washe shi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Muhammadu Bello sun yi ƙoƙarin hanawa, mayaƙan ba su saurara ba. Bayan wannan ne aka sha kashi a Alwasa, kuma jagororin sun ɗauki kayen a matsayin sakamakon saɓon da ya gabace shi, kamar yadda ya faru ga maharba ranar Uhudu. Daga baya, kafin faɗuwar Alƙalawa a 1808, Malam Abdullahi ya bar runduna ya nufi gabas saboda takaicin yadda son mulki da tara dukiya suka shiga zukatan mutane. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam. Ya bayyana wannan takaici nasa a Tazyinul Waraƙat.

Ƙasar Katsina ma ta ga irin wannan. 'Yandoto, tsohon garin malamai da ke kudu maso yammacin ƙasar Katsina ta wancan zamani, ya ƙi karɓar kiran Muhammadu Bello na a zauna a yi munazara, aka yaƙe shi aka ci. Da Shehu Muhammadul Amin Al-Kanemi na Barno ya rubuto yana sukar masu jihadi, cikin zarge-zargensa har da wulaƙanta littattafai. Amsar Bello, wadda ya adana a Infaƙul Maisur (1812), abar nazari ce ga duk mai riƙe da runduna. Bai musanta aukuwar abin ba. Ya ba da labarin wani gari da aka ci, wanda masana tarihi suke ganin 'Yandoto ne, inda ya ga iska tana watsa takardu cikin ƙasa, ya duƙa yana tsincewa da hannunsa har ya gaji, ransa ya ɓaci. Ya danganta abin ga jahilan runduna da rububin ganima, bai nemi halatta shi ba. Jagoran da ya iya faɗa wa abokin hamayyarsa cewa mutanensa sun yi kuskure, shi ne wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina na farko a zamanin jihadi yadda ake mulki.

4.0 Tutoci Uku da Littafin Usulus Siyasa

Malamai uku suka riƙe tutar jihadi a Katsina: Malam Ummarun Dallaje, da Malam Ummarun Dumyawa, da Malam Muhammadu Na Alhaji. Kowanne yana da jama'arsa da yankinsa, kuma ba kullum bakinsu yake zama ɗaya ba. An tsare birnin Katsina har yunwa ta yi tsanani a cikinsa; Heinrich Barth, Bajamushen da ya ziyarci birnin a 1851 da 1853, ya tarar ana ba da labarin cewa a lokacin tsarewar an sayar da ungulu a kan wuri 500. A 1807 birnin ya faɗa hannun masu jihadi. Sarki Magajin Halidu ya rasu a Ɗankama, sauran gidan sarautar suka yi arewa ƙarƙashin Ɗankasawa, suka zauna a Damagaram na wani lokaci, daga baya suka kafa mulkinsu a Maraɗi.

Da aka ci birni sai jarrabawar farko ta taso, wato wa zai shugabanta. An tabbatar da Ummarun Dallaje a matsayin amiri. Ummarun Dumyawa ya zama Sarkin Sulluɓawa. Na Alhaji ya riga ya rasu, sai ɗansa Muhammadu Dikko ya sami sarautar 'Yanɗaka, wadda ita ce sarautar hakimin Dutsin-Ma a yau. Wannan rabo ya bar wa kowane gida ƙasarsa da girmansa, ya kuma hana masu tuta juya takubbansu ga juna a daidai lokacin da tsohon gidan sarauta yake neman hanyar dawowa.

Abin da ya fi ɗaukaka Ummarun Dallaje a idon mai nazari shi ne cewa, bayan takobinsa ya kai shi ga mulki, ya nemi a koya masa yadda zai riƙe shi. Shi ya roƙi Muhammadu Bello ya rubuta masa nasiha, amsar kuwa ita ce Usulus Siyasa. Bello ya tattara siyasa a cikin tushe bakwai, ya mayar da su duka ga adalci. Ya buƙaci amiri ya kasance mai taƙawa, mai bin Sunna, wanda ba ya kwaɗayin shugabanci. Ya zama mai sauƙin hali da yafiya, nesa da kaushi da bushewar zuciya. Ya lizimci zama da malamai masu tsoron Allah, ya saurari nasiharsu. Ya zaɓi ma'aikatansa daga nagartattun mutane, ya sharɗanta musu adalci, ya sa musu ido, domin zaluncinsu a wuyansa yake. Ya umarci talakawa su ma da adalci a tsakaninsu. Ya raya ƙasa ta hanyar kula da manoma da maƙera da marina da maɗinka da sauran masu sana'a, da gina garuruwa da gyara kasuwanni da hanyoyi. Ya kuma bi da talakawa cikin sassauci.

Wanda aka rubuta wa wannan littafi mayaƙi ne da ke zaune a bakin iyaka, abokan gaba suna arewa da shi tafiyar 'yan kwanaki. Duk da haka Bello bai cika littafin da dabarun jeren sahu da kwanton ɓauna ba. Ya san Ummaru ya iya wannan. Abin da ya ji wa tsoro shi ne abin da ya gani da idonsa a Kwalde da 'Yandoto: hannun da ya saba da ɗauka yana wuyar sabawa da bari. Umarnin raya ƙasa ma, a irin wannan iyaka, umarnin tsaro ne, domin garin da ke cike da mutane masu yarda da shugabansu ya fi kowace ganuwa tare hanya. Ummarun Dallaje ya riƙe Katsina kusan shekara 28, yana fama da hare-haren Maraɗi da Gobir, har ya rasu wajen 1835.

5.0 Sarki Siddiƙu da Tawayen Ruma

Ɗansa Siddiƙu ya gaje shi a lokacin da gaba ta kai ƙololuwa. Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da wasu Abzinawa sun haɗa kai, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya fita da kansa ya gamu da su a Gawakuke a 1836. An kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda a wannan yaƙi. Shekara guda bayan haka Bello ya rasu a Wurno.

Wanda ya gaji Rauda, wato Ɗan Mari, ya gane cewa gaba da gaba a fili ba za ta fisshe shi ba, sai ya canja salo. A yammacin Katsina, musamman ƙasar Ruma, akwai garuruwa da yawa waɗanda zukatansu ba su rabu da tsohon gidan sarauta ba. Ɗan Mari ya zuga su suka tayar, shi kuma ya ratso da rundunarsa har Matazu. Duk wanda ya dubi taswira zai ga girman haɗarin: daga Ruma zuwa Matazu layi ne da ya ratsa ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma, ya raba birnin Katsina da kudancin ƙasarta, ya kuma yi barazana ga hanyar da ta haɗa ta da Sakkwato. Siddiƙu ya tashi tsaye, ya sami gudummawa, ya karya Ɗan Mari ya kore shi arewa. Har zuwa nan babu abin zargi a kansa. Ya yi abin da ya wajaba a kan amiri, kuma adalci ne a faɗi cewa ya tserar da masarautar daga wargajewa.

Abin da ya biyo bayan nasarar shi ne abin dubawa. Siddiƙu ya juya kan garuruwan da suka yi tawaye da hukunci mai tsanani. Aka rushe su, aka kashe na kashewa, aka kama na kamawa, sauran suka watse. Gonaki suka koma saura, saura ta koma daji. Wannan shi ne dajin da tsofaffin rubuce-rubuce suke kira Dajin Rubu.

Mai kare Siddiƙu yana da abin faɗa. Zai ce waɗannan mutane sun warware alkawari a lokacin yaƙi, sun buɗe wa abokin gaba ƙofa, kuma rubuce-rubucen Shehu da na Bello sun tsananta hukunci a kan wanda ya taimaki kafirai a kan Musulmi. Zai ƙara da cewa sassauci a irin wannan hali gayyatar tawaye na biyu ne. Wannan hujja tana da nauyi, amma ba ta kai inda aikin ya kai ba. Idan an ɗauki mutanen Ruma a matsayin Musulmi 'yan tawaye, to yaƙarsu ta ƙare ranar da rundunarsu ta karye. Idan an ɗauke su a matsayin ma'abota amana da suka warware, to mazhabar Malikiyya ta sa a bincika dalili: Shaihu Khalil a Mukhtasar ya sharɗanta, kafin a bautar da ɗan amanar da ya koma wa abokan gaba, ya kasance ba zaluntarsa aka yi ba. Ko da an ɗora musu hukunci mafi tsanani, mace da yaro da tsoho da manomin da bai ɗauki baka ba ba su shiga ciki, hanin rushe mazauni kuma yana nan. A kowane ɗayan ukun, ana buƙatar a tantance wanda ya yi da wanda bai yi ba. Hukuncin da ya share yanki guda bai tsaya tantancewa ba.

6.0 Tuɓewa da Abin da Ya Biyo Baya

Tsananin da aka gwada a kan 'yan tawaye bai tsaya a kansu ba. Koke-koken zalunci da danniya suka riƙa isa Sakkwato daga cikin ƙasar Katsina. A 1844 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello ya tuɓe Siddiƙu, ya naɗa ɗan'uwansa Muhammadu Bello ɗan Ummarun Dallaje, wanda ya yi mulki har 1869. Ɗan wanda ya rubuta Usulus Siyasa ne ya zartar da hukuncin littafin a kan ɗan wanda aka rubuta wa shi.

Wannan mataki ba ƙarami ba ne. Katsina ita ce garkuwar daula ta fuskar arewa, Siddiƙu kuma shi ne wanda ya nuna zai iya karya Maraɗi. Mai lissafin soja kaɗai zai ce a kawar da kai, tunda ana buƙatarsa. Sakkwato ta bi sawun Sayyidina Umar, wanda ya saurari koken mutanen Kufa a kan Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, gwarzon Ƙadisiyya, ya aika a bincika, bai ce nasarar Sa'adu ta ɗaga shi sama da bincike ba.

Daga nan sai jarrabawa ta ƙarshe ta zo, wato yadda shugaba yake karɓar saukewa. Sayyidina Umar ya sauke Khalid ɗan Walid daga shugabancin runduna a Sham, ya kuma bayyana cewa ba don ha'inci ba ne, tsoron kada mutane su fitinu da shi ne. Khalid, duk da cewa ba a same shi da cin amana ba, ya miƙa wuya, ya zauna har ya rasu a kan shimfiɗarsa a shekara ta 21 bayan Hijira. Siddiƙu kuwa ya yi arewa, ya haɗa kai da waɗanda ya yaƙa jiya, ya zo da yaƙi a kan Katsina, bai yi nasara ba. Laifin da ya rushe garuruwan Ruma a kansa, wato haɗa baki da Maraɗi, shi ne ya faɗa a cikinsa da kansa. Hausawa na cewa in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Ƙasar ma ta biya nata kason. Yankin da aka share don kada ya sake zama mafakar tawaye sai ya zama hanyar mahara. Babu gari da zai hango ƙura ya buga kuge, babu manomi da zai ga sawun dawaki ya kai labari. Mayaƙan Maraɗi da Gobir suka riƙa ratsa dajin a ɓoye suna faɗa wa cikin ƙasar Katsina da Zamfara, abin da ya yi ƙamari a zamanin Ɗan Baskore. A 1853, shekara tara bayan tuɓe Siddiƙu, Barth ya bar Katsina zuwa Sakkwato tare da ayarin Galadiman Sakkwato, ya bi ta Kuraye da Kurfi. Abin da ya ja hankalinsa a Kurfi shi ne yawan ganuwoyi da ramukan tsaro da aka kewaye garin da su a tsakanin duwatsu, ayarin kuma yana tafe cikin fargabar maharan da ke gaba. Mutanen da suke haƙa irin waɗannan ramuka ba su ɗanɗani amincin da nasarar Matazu ta yi alkawari ba. Sai a ƙarshen ƙarnin, da jarumai irin su Muhammadu Ɗan Waire, wanda ya zama Sarkin Ruma, aka shiga ƙoƙarin sake tsare wannan iyaka da zaunar da mutane a cikinta.

7.0 Abin da Hafsan Yau Zai Ɗauka

Ƙasar Katsina ba ta daina haifar shugabannin yaƙi ba. Daga cikinta Manjo Janar Hassan Usman Katsina da Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa suka fito, kuma har yau 'ya'yanta suna shiga Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna. A wannan zamani ma ana tura hafsoshi da dakaru zuwa Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Batsari, domin Dajin Rugu ya sake zama maɓoyar 'yan bindiga masu satar shanu da mutane. Zai zama wuce gona da iri a ɗora wa Siddiƙu alhakin fitinar yau, wadda take da nata dalilai. Amma tambayar da ta fuskance shi ita ce take fuskantar hafsan da ya shiga ƙauyen da ake zargi da sayar wa ɓarayi abinci ko kai musu labari. A cikin ƙauyen akwai mai haɗa baki da gangan, akwai wanda aka tilasta da bakin bindiga, akwai wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Raba su aiki ne mai wuya da cin lokaci, haɗa su a hukunci guda kuwa abu ne mai sauƙi. Tarihin Ruma ya nuna abin da sauƙin yake jawowa: ƙauyen da aka tayar yau, gobe sansanin ɓarayi ne, matashin da aka zalunta kuma ba zai sake kawo labari ba.

Na biyu, hafsa yana ɗauke da alhakin na ƙasa da shi. Abin da Kitabul Farƙ ya kira kamuwa yana iya dawowa da sabuwar riga a shingen hanya ko a kasuwar ƙauye, kuma shugaban da ya gani ya yi shiru ya zama abokin tarayya. Bello bai iya hana watsa takardu ba, amma bai bar abin ya wuce kamar ba a yi ba.

Na uku ya shafi waɗanda suke sama da hafsan. Tarbiyyar mutum ɗaya ba ta isa ba idan babu mai tambayarsa. Koken talakan Katsina ya sami hanyar isa Sakkwato, ya kuma sami kunnen da ya saurara. Inda aka toshe wannan hanya da sunan kare martabar runduna, martabar ce take fara zubewa. A nan malamai suke da nasu aikin, domin zama da malamai da Bello ya umarci amiri da shi ba ya da amfani idan malaman ba za su faɗi abin da amirin ba ya son ji ba.

8.0 Kammalawa

Ummarun Dallaje da Siddiƙu uba ne da ɗa, sun riƙe gari ɗaya, sun yaƙi abokin gaba ɗaya, kuma babu wanda ake tuhuma da ragwantaka a cikinsu. Uban ya ci birni sannan ya nemi nasiha, ya yarda a raba iko da abokan tutarsa, ya mutu a kan gadonsa na sarauta. Ɗan ya ci yaƙi sannan ya bi fushinsa, ya rasa sarautar cikin shekara tara, ya bar wa magadansa daji a inda da akwai garuruwa. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya mayar da ƙarfi na gaskiya ga mallakar kai lokacin fushi, kuma babu wanda ya fi buƙatar wannan ƙarfi kamar mutumin da dubban masu makami suke jiran umarninsa. Allah Ya jiƙan magabata, Ya gafarta musu kurakuransu, Ya shiryi masu riƙe da makamai a yau, Ya mayar wa ƙasar Ruma da maƙwabtanta da aminci. Allah ne Mafi sani.